Kawu da Notin Birki

Kawuna magini ne, shekara talatin yana ɗora bulo. In ya rufe murfin kwalba, sai an nemo shi ya buɗe. Bai taɓa kai babur ɗinsa wurin bakanike ba. Duk ranar hutu zai shimfiɗa buhu a tsakar gida, ya juye baƙin mai, ya ja sarƙa, ya bi kowane noti yana ɗaurewa har jijiyar wuyansa ta miƙe.

Wata safiya ya ɗauko 'yarsa ta fari, tana da cikin wata bakwai, zai kai ta awo asibiti. A gangaren gada wata mota ta tsaya a gabansu ba shiri. Ya matse birkin gaba, wani abu ya ce ƙas, birkin ya zama banza. Da birkin baya da tafin takalmi ya tsayar da babur, tayar gaba har tana shafar motar. 'Yar tasa ba ta ma san me ya faru ba, mita take yi wai Baba ya cika gudu. Ya sa ta a tasi, ya turo babur gida.

Bakaniken da ya kira ya zaro guntun notin da ke riƙe birkin, ya ce ba tsufa ba ne, ɗauri ne ya miƙar da ƙarfen har ya karye. Kowane noti da iyakarsa a littafin babur, in ji shi, kuma akwai sifana mai auna ƙarfin ɗauri.

Sati biyu Kawu bai hau babur ba. Sai ya zauna yana kallon notukan da hannunsa ya taɓa, bai san wanne zai biyo baya ba. Abinci ma sai matarsa ta matsa.

Daga baya ya ɗauki littafin ya tafi shagon kayan aiki. Mai shagon ya fito da sifana iri uku. Mai allura, Kawu ya ce idonsa ba zai ga lamba yana kwance ƙarƙashin babur ba. Mai batir, ya ji tsoron ranar da batirin zai yi sanyi ta yi masa ƙarya. Saura mai ƙara in ɗauri ya kai, akwai babba da ƙarama. Hannunsa ya tafi kan babbar, mai shagon ya duba lambobin littafin ya ce wannan ta tayar mota ce, ƙaramar ce tasa.

Ya saita masa, ya ba shi noti ya gwada. Kawu bai fara ja sosai ba sifanar ta ce ƙas. Ya sake ta ta faɗi ƙasa.

"Na karya shi ko?"

"Ba ka karya komai ba, Baba. Cewa ta yi ya isa."

Ya sayo sababbin notuka, ya canza na birki da na tayoyi ɗaya bayan ɗaya, littafi a buɗe kan buhu, yana duba kowace lamba sau biyu. Duk da haka wata guda shi kaɗai yake hawa, bai yarda ya ɗauki kowa ba.

Matarsa ce ta fara hawa bayansa, da kanta, za ta kasuwa. Kafin su fita layi ya tsaya sau uku yana shafa notuka. A na huɗu ta dafa kafaɗarsa.

"Malam, in haka za mu yi, sauke ni in taka. Zan riga ka isa."

Bai sake tsayawa ba sai bakin kasuwa.