Kai dokokin motsi Riruwai

Da asuba muka tashi daga garin Ƙofa, ni da wani abokin aikina malamin lissafi. Ofishin ilimi ne ya tura mu wata sakandare a Riruwai. Malaminsu na fiziks ɗan bautar ƙasa ne, ya gama ya tafi bai koya musu dokokin motsi ba, ga jarrabawar fita saura wata guda. Kwana biyu aka ba ni. A cinyata akwai kwalin da shugaban makarantarmu ya ara mini da ƙyar: ƙananan kekunan gwaji biyu da sikeli mai sifirin.

A Kafin Maiyaƙi wahalar mai ta tsare mu har hantsi. Kuɗin mota ya ninka, 'yan acaɓa sai yanga suke. Muka karya da ƙosai da koko, amma ni ban ji ɗanɗanonsu ba. Daga ƙarshe muka samu akori-kura mai ɗauke da buhunan taki, direban ya karɓi kwalina ya ɗora can sama. Na roƙe shi ya ɗaure, ya ce, "Malam, ai ba ƙafa gare shi ba."

Bayan Tudun Wada muka shiga dajin Falgore. An yi ruwa, ko'ina kore shar, hirar mota ta mutu. Kwatsam garken shanu ya keto titi, direba ya taka birki. Motar ta tsaya, kwalin bai tsaya ba. Ta saman kanmu ya wuce ya faɗi a kwalta. Bafulatanin da ke kiwon shanun ya taya ni tsince tayoyin kekunan yana ta ba ni haƙuri. Sikelin kaɗai ya tsira. Daga nan muka wuce Doguwa, muka fara hawan duwatsun Riruwai.

Washegari na tarar da ɗalibai sun haddace dokokin uku da Turanci. Na ce wani ya faɗa mini ma'anarsu da Hausa, babu wanda ya ɗaga hannu. Na zana kibiyoyi a allo har alli ya ƙare, idanu kawai ake zuba mini. Na fita shan iska, gumi ya jiƙa mini riga.

Maigadin makarantar, wani dattijo da ya yi aikin haƙar kuza, ya tambaye ni abin da ya dame ni. Da na yi masa bayani sai ya yi dariya. "Wannan ai aikinmu ne. Tura kura babu kaya, yaro ma ya iya. In ta cika da kuza, tayar da ita wuya, tsayar da ita ya fi wuya." Ya ɗage wando ya nuna mini tabon da wata ta bar masa a ƙwauri.

Na ce, "Baba, don Allah zo ka faɗa musu."

Muka aro kurar mai ruwa, muka fito fili. Suka tura ta babu jarka, suka tura ta cike, aka yi ta gardama. Sai wata ɗaliba ta ce, "Malam, in kurar tana tura ni daidai yadda nake tura ta, me ya sa take tafiya?"

Na san dokar, amma ban taɓa amsa wannan ba. Can na ce turin biyu ba a kan abu ɗaya suke ba: nata yana kan kurar, na kurar yana kanta, ita kuma ƙasa ce ta riƙe mata ƙafa. Na kai kurar cikin taɓo don in nuna musu, na tura, santsi ya kwashe ni. Suka yi dariya har da maigadi, amma yarinyar ta ce, "Yanzu na gane."

Ranar Alhamis da la'asar muka dawo Ƙofa. Sakamakon jarrabawa bai fito ba tukuna, kuma har yau in na tuna yawan abin da ban kai ga koya musu ba, sai abinci ya fita raina. Abin da tafiyar ta koya mini shi ne, shekara shida ina shiga aji da littafi, ban taɓa tambayar yara abin da suka taɓa turawa da hannunsu ba. Ranar Litinin da wannan tambayar na buɗe darasi. Hannu fiye da goma suka tashi.