Tukwane Tara a Ofishin Tarho

Yayan matata ya yi shekara talatin da ɗaya a ofishin tarho, a sashen kashe gobara. Ni ina bene na biyu ina rubuta wasiƙu, a zamanin da ake duba kyan rubutun mutum kafin a ɗauke shi aiki. Shi yana ƙasa tare da jajayen tukwane tara, kowace ta kai ƙirjin mutum. A cikinsu akwai iskar halon, wadda ke kashe wuta ba tare da ta jiƙa inji ba. Duk wata shida yakan ɗora su a sikeli, ya rubuta nauyin kowace a katin da ke rataye a wuyanta. Daga nan aka sa masa Mai Sikeli, har matarsa ma haka take kiransa in ta yi fushi.

Sau ɗaya a shekara ana gwaji. A fitar da kowa, a rufe ɗakin injina, ya ja hannun tukunya ɗaya. Sai ka ji ƙara kamar jirgi zai tashi. Mukan tafa masa, a raba shayi.

A shekararsa ta ashirin da uku wata injiniya ta zo ta tara su. Ta ce can sama akwai wani rufi na iska, ozon, mai tace zafin hasken rana, kuma halon na cinye shi. Za a daina ƙera sabo. Wanda ya rage, zuƙe shi za a riƙa yi da inji, a tace, a kai inda ba a da madadinsa, kamar jiragen sama.

Ya ɗaga hannu. "Ranki ya daɗe, ni na saki ashirin da biyu. Ina suke yanzu?"

"Suna sama, Baba."

"Ba sa saukowa?"

"Ba yadda kake nufi ba."

Bai sake tambaya ba. Bai kuma sake yin gwaji ba har ya yi ritaya.

Shekara huɗu bayan ritayarsa aka rufe ofishin, wayar hannu ta kashe masa kasuwa. Aka sayar wa wani ɗan gwangwan duk ƙarfen da ke ciki. Tsohon maigadin wurin ne ya kawo labari cewa mutumin zai kwance bakin tukwanen ranar Litinin, iskar ta fita, ya yanka su. Mai Sikeli ya sa ni na rubuta wa masu zuƙar halon. Suka amsa cewa motarsu tana wani gari, sai bayan kwana goma sha uku.

Ranar Litinin ya ɗauki kujerar roba da maganin hawan jininsa, ya zauna a ƙofar ɗakin tukwanen.

"Dattijo, gadonka ne?" in ji ɗan gwangwan.

"A'a. Naka ne. Ƙarfen."

"To matsa."

"Na cikin ba naka ba ne. Kuma kai da ka riƙe sifana kamar cokali, in ka taɓa bakin nan, tukunyar za ta fasa bango ta tafi da kai. Wa zai gaya wa uwar 'ya'yanka?"

Mutumin ya yi dariya, amma ya mayar da sifanar aljihu, ya koma cire tagogi. Kullum da safe yakan leƙo ya ce, "Sarkin iska, an tashi lafiya?" A kwana na shida ya zo da mai walda. Mai waldan ya dubi tukwanen, ya dubi tsohon, ya ce shi ƙofofi aka kira shi ya yanka.

'Yar Mai Sikeli ta fari ba ta so abin ba. "Baba, ƙafarka ta kumbura. Sama ta ce ka yi mata gadi?"

"Ba ta ce ba. Kawo ruwan."

Motar ta zo a kwana na goma sha huɗu. Samari biyu suka haɗa tiyo, injin ya fara gurnani, suna zuƙe tukwanen ɗaya bayan ɗaya zuwa cikin tanki. Takwas suka ba da abin da ke cikinsu. Amma da aka zo kan ta bakwai a jere, allurar injin ba ta motsa ba. Robar bakinta ta tsage, ta daɗe da tsiyayewa. Ba wanda ya duba ta tun da ya bar aiki.

"Ka ga," in ji ɗan gwangwan, "wannan mako biyu kana gadin fanko."

"Ita za ka fara lodawa," in ji Mai Sikeli. "Tunda ba komai a cikinta, ta fi sauran daɗewa da zama taka."

Ya miƙe, ƙafar ta ƙi ɗaukarsa. A gaban motar ɗan gwangwan aka kai shi gida, tukwanen suna karo da juna a baya.