Ɗakin da Na Zaɓa a Jirgin Norway

Ni na fara kawo maganar tafiyar, ni kuma na yi ta naci har ta tabbata. A lokacin muna zaune a unguwar Mansura da ke Doha, a wani tsohon bene, ni da maigidana da yaranmu. Shi injiniya ne a wani kamfanin gas da ofishinsa ke West Bay, ni kuwa aikin gwajin jini nake yi a wani asibiti. Duk wanda ya taɓa cin bazara a Doha ya san me nake nufi in na ce jikina ya gaji da zafi. Mutum ya fito daga gida zuwa tashar metro, tafiyar da ba ta taka kara ta karya ba, amma kafin ya isa rigarsa ta manne da bayansa.

Wata abokiyar aikina ce ta nuna min hotuna a wayarta, na hutun da ta yi a jirgin ruwa a gaɓar tekun Norway. Duwatsu baƙaƙe tsaye cikin ruwa, ga wata ƙanƙara mai shuɗi-shuɗi da ta gangaro tsakaninsu kamar kogin da ya daskare yana cikin gudu. Tun daga ranar na sa abin a raina. Na bi layin biza, na roƙi hutu ya zo daidai da na maigidana, na tura yara Zariya wurin mahaifiyata. Da na zo zaɓen ɗaki a jirgin, abu ɗaya na kafe a kai: sai mai baranda. Tagar ɗakinmu na Mansura bangon maƙwabta take kallo, da injinan AC ɗinsu masu ɗigar ruwa. Ina so sau ɗaya a rayuwata in buɗe ido da safe in ga abin da ba hannun mutum ne ya gina shi ba.

Sai da muka isa filin jirgin sama na ga maigidana yana ɗaga wa wasu hannu. Wani dattijo ne cikin farar shadda, da matarsa a bayansa tana tafiya a hankali tana dafa gwiwa.

"Alhaji ne, shugaban sashenmu," in ji shi, bai kalle ni ba. "Su ma can za su."

"Can ina?"

"Inda za mu."

Kafin in sake magana har ya yi gaba, ya rusuna, ya karɓi jakar hannun Alhaji ya rataya a kafaɗarsa. Na bi bayansa na durƙusa na gaishe su, don ba su suka yi min laifi ba. Hajiya ta riƙe hannuna ta ce, "Sannu 'yata. Mijinki ya ce ke kika matsa sai mun zo an sha iska tare. Allah ya yi albarka." Na ce amin. Na juya na dube shi, ya duƙufa yana gyara zip ɗin jakar da babu abin da ya same ta.

A cikin jirgin sama na tambaye shi cikin raɗa yaushe aka shirya wannan. Ya ce magana ce ta taso a ofis, Alhaji ya nuna sha'awa, shi kuma ya ji nauyin yin shiru. Na haɗiye. Na ce wa kaina jirgin ruwan babba ne, kowa da ɗakinsa, in na rufe ƙofa na fita baranda ba ruwana da kowa.

Da muka shiga jirgin ruwan aka ba mu katunan buɗe ƙofa. Na san lambar ɗakina, don na sha duba hotonsa. Muka shiga lif gaba ɗaya, ya tsaya a hawan da na sani, maigidana ya fita da akwatunansu Alhaji ya ce in jira shi. Ya dawo, ya danna hawan ƙasa. Muka bi wani dogon lungu mai warin fenti, ya buɗe wata ƙofa. Gado, kabad, banɗaki. A bangon da ya kamata a ce taga take, hoton wani tsauni aka manna.

"Wannan fa?"

"Maman yara, ki saurare ni tukun. Lokacin da na zo kama musu ɗaki masu barandar sun ƙare. Ya za a yi a ce ni ina sama, Alhaji yana nan ƙasa?"

"Shi ne ka ba su nawa."

"Namu dai."

"Nawa. Kai ko hoton jirgin ba ka taɓa tsayawa ka kalla ba."

Ya ce in rage murya, bangon ba shi da kauri. Ya ce kwantiraginsa ya kusa ƙarewa, kuma sai Alhaji ya sa baki za a sabunta. Ya ce zamanmu a Qatar gaba ɗaya a kan takardarsa yake, ni da yara, in ya faɗi duk mun faɗi. Duk na san wannan. Da ya zaunar da ni a Doha ya faɗa min haka, da wataƙila na yi fushin kwana biyu na haƙura, na miƙa ɗakin da hannuna. Abin da ya ƙona min rai shi ne ya bari sai da na zo tsakiyar ruwa, inda ba ni da hanyar komawa, sannan na sani.

Haka kwanakin farko suka tafi. Da safe sai mu hau mu gaishe su. Maigidana ya ɗauko wa Alhaji rigar sanyi, ya nemo masa kujera a inda iska ba ta bugawa, ya je ya tambayi masu abinci wane nama ne a cikin miya. Mutumin da ko kofin shayinsa ba ya kaiwa kicin a gida, shi ne ke zagaye da faranti biyu yana zaɓo wa wani kifi. Da yake a can rana ba ta faɗuwa a wannan lokacin na shekara, sai lissafin lokutan salla ya zama aikinsa, yana bin agogon Makka yana zuwa ya ƙwanƙwasa musu ƙofa. Ni kuwa a ɗakinmu na ƙasa ba na ma sanin ko da rana ko babu. In na kashe fitila duhu ne kamar cikin rijiya, ga gurnanin inji a ƙarƙashin filo.

Ba zan ce ban ga komai ba. Nakan sulale in hau can sama ni kaɗai, in tsaya jikin ƙarfe har yatsuna su daina ji. Na ga ƙananan gidaje jajaye a gindin duwatsu, na ga ruwa yana zubowa daga ƙololuwar tsauni siriri kamar zare. Amma ko minti nawa na yi, sai in ji wayata, ko in ga ya leƙo. "Hajiya tana tambayarki." "Zo ki ɗauke mu hoto." "Ina yajin nan da kika taho da shi? Alhaji ya ce abincinsu lami ne." Yajin da na daka don kaina, da kilishin da ƙanwata ta aiko min, duk a teburinsu suka ƙare.

Ranar da za a isa wurin babbar ƙanƙarar ita ce ranar da na yi tafiyar dominta. Tun da asuba na shirya, na saka riguna a kan riguna, na ɗaura mayafi na ɗora hula. Jirgin ya ɗan yi tangaɗi tun muna barci, don an ratsa buɗaɗɗen teku. Ina ɗaure takalmi maigidana ya shigo.

"Hajiya ba ta jin daɗi. Jiri da amai. Alhaji ya ce ko za ki ɗan zauna da ita, tunda ke ma'aikaciyar asibiti ce."

"Jini nake gwadawa. Akwai likita a jirgin nan."

"Haba, Maman yara. Ɗan lokaci kaɗan ne. Da ta samu barci sai ki hawo."

"Shi mijinta fa?"

Ya dube ni kamar na yi saɓo. Na wuce shi na hau ɗakinsu Hajiya.

Wannan ne karo na farko da na shiga ɗakin har ciki. Yana nan yadda na gan shi a hoto, da kujeru biyu da ɗan tebur. Sai dai an ja labule an rufe ƙofar barandar ruf, don Hajiya ta ce in ta ga ruwa cikinta juyawa yake. Tana kwance ta yi laushi, abin tausayi. Na jiƙa tawul na goge mata fuska, na haɗa mata ruwan zafi da citta, na zauna a gefen gadon. Can sai lasifika ta fara magana, ana cewa kowa ya fito, an iso. Na ji takun mutane a lungu suna sauri. Na ji injin ya rage ƙara. Abin da na tsallako ƙasashe dominsa yana bayan wannan labulen, ni kuma ina riƙe da roba a gaban matar da ban taɓa sani ba sai a satin nan.

Hajiya ta buɗe ido ta ce, "Ke ma ashe gara da kika ƙi ɗakin nan. Ni da na san haka yake da ban karɓa ba."

"Na ƙi shi, Hajiya?"

"Mijinki ya ce tsoron ruwa kike, ba kya iya kwana kina ganinsa. Ya ce ke kika roƙa a yi musanya."

Na ajiye robar. Ban san yadda fuskata ta koma ba, amma Hajiya ta yunƙura ta tashi zaune tana kallona. Sannan ta ce, "Innalillahi. Tashi ki tafi, 'yata. Tashi, na ce. Ba mutuwa zan yi ba."

Ban jira lif ba, matakala na bi. Da na fito sama iska ta mare ni har sai da hawaye suka zubo. Mutane sun cika gefe ɗaya, an yi tsit. Ta saman kafaɗunsu na hango ta, bango guda na ƙanƙara, fari da shuɗi, tsayinsa ya fi benayen unguwarmu, ruwan gabansa cike da gutsattsari suna yawo. Jirgin ya riga ya fara juyawa. Na san ya kamata in tsaya in kalla, amma idona neman mutum ɗaya yake. Na same shi a gaba, ya ɗaga waya yana ɗaukar Alhaji hoto, yana cewa, "Ranka ya daɗe, ɗan matsa dama."

"Baban yara," na ce. "Yaushe na fara tsoron ruwa?"

Ya sauke wayar. "Me kike yi a nan? Ina Hajiya?"

"Tambayarka nake. Yaushe na roƙe ka ka ba da ɗakina? Yaushe na matsa a gayyato mutane? Ka ɗauki abina ka yi kyauta da shi, na haƙura. Sai kuma ka ɗauki bakina ka yi ƙarya da shi?"

"Ki yi wa Allah ki yi shiru, mutane na kallo."

"Su kalla. Ba Hausa suke ji ba. Wanda yake ji kuwa gara ya ji."

Wata ƙara ta tashi a bayana kamar tsawa, mutane suka yi ihu gaba ɗaya. Wani ɓangare na ƙanƙarar ne ya ɓalle ya faɗa teku. Kafin in waiwaya ya nutse, sai igiyar ruwa kawai na gani tana tahowa. Wannan ma maigidana ya ja min asararsa.

Alhaji ya dubi maigidana. Ya cire safar hannunsa, ya sake sakawa, ya ce bari ya je ya duba Hajiya. Maigidana ya yi kamar zai bi shi, dattijon ya ɗaga masa hannu ya ce ya zauna.

Da yamma ma'aikatan jirgi suka ƙwanƙwasa mana ƙofa, wai an ce su kwashe kayanmu zuwa sama. Hajiya ce ta sa. Na je na ce mata ta bari, ta ce ita ta gaji da ɗakin da ke juya mata ciki, kuma ba shawarata take nema ba. Haka na samu barandata a kwanakin da suka rage. Sai dai an riga an juyo kudu, hazo ya sauko, ruwan sama ya ƙi tsayawa. Duk da haka kullum sai na fita na zauna a jiƙaƙƙiyar kujerar nan da bargo, ina kallon fari fat. Maigidana yana ciki ya juya wa ƙofa baya. Ya ce na tozarta shi a gaban ubangidansa, na zubar masa da mutuncin da ya yi shekaru yana tarawa. Na ce shi ya fara zubar da nawa, a bayan idona kuma.

Muka dawo Doha ba ma magana sai ta dole. Bayan wasu makonni aka sabunta masa kwantiragi. Ya shigo da fara'a, ya ajiye ledar shawarma a tebur, ya ce khalas, komai ya wuce, in yi haƙuri da maganar ɗaki. Na ce na ji. Na jira ya ambaci ɗayar, ta abin da ya faɗa da sunana, bai ambata ba. Da na tuna masa sai ya ce wannan ai dabara ce kawai don kada su Alhaji su ji nauyin karɓa, ba abin da za a riƙe ba ne. Na tashi na kwashe kwanuka. Hajiya takan kira ni jefi-jefi, har ta taɓa aiko min da man shanu da direbansu. Shi kuwa har yau in baƙi suka zo yakan fito da hotunan tafiyar ya nuna musu, ni kuma in ce zan je in duba tukunya.