Inda Uwaisu Ya Tsaya

Duk wanda ya yi harkar kaya a bodar Jibiya shekarun baya ya san shagon Uwaisu, ko da bai san sunansa ba. Shagon kwano ne a Magama, taku kaɗan kafin shingen kwastan, da kwamfuta ɗaya, da injin kwafi mai yawan gardama, da benci wanda direbobi suka goge da zama har yana sheƙi. Ni ejan ne a lokacin, aikina fitar da kayan mutane, don haka a kan bencin nan na ƙarar da rabin ƙuruciyata ina jiran takarda. Uwaisu kuma taubashina ne, ɗan kawuna. In na faɗi abin da ba daɗi a kansa, ina da izini tun daga gida.

Taurin kai ne da shi, bari in fara da wannan. Ya yi shekara biyu yana karatun kwamfuta a Katsina, saura 'yan watanni ya gama, sai mahaifinsa Kawu Badamasi ya kwanta ciwo. Ya taho gida da niyyar mako biyu. Kawu ya rasu, ƙanne suka rage a wuyansa, bai sake komawa ba. Abin da ya taho da shi daga makarantar bai wuce wani littafin rubutu mai koren bango ba, wanda aikinsa na kammalawa ke ciki. Ni nake kiransa Injiniya don tsokana, shi kuma bai taɓa kirana Imrana ba, sai Ejan.

Allah ya jiƙan zamani. Tireloli kan yi layi har ido ya gaji, ga albasa, ga wake, ga shanu, mai shayi ba ya sauke tukunya, rediyon Maraɗi na tashi daga kowace mota. A cikin wannan hayaniya Uwaisu ke aiki, kuma ban ga mai aiki irinsa ba. Yana cikin buga wa wani takardar kaya, sai direban kamyo, babbar motar kaya, ya faɗo a guje, wai duwan, kwastan ɗin Nijar, sun ce saura takarda ɗaya kuma sun kusa tashi. Uwaisu ba zai ce masa jira ba, ba kuma zai yi watsi da na farko ba. Sai ya yagi 'yar takarda ya rubuta shafin da yake, da layin, da kalmar da ya tsaya a kai, har da gyaran da ke ransa, ya soke ta da allura jikin takardun mutumin, sannan ya juya ga direba. In ya sallame shi, ya zare 'yar takardar ya ɗora daga inda ya tsaya. Na taɓa ƙirga mutum biyar a kan benci, kowa na ganin aikinsa ake yi.

Wata rana na ce masa, "Injiniya, wanga bokanci ina ka samo shi?"

Ya nuna kwamfutar da haɓa. "Ga malamata nan. Kai tsammani kake abu biyu take yi lokaci guda? Taura biyu ba ta taunuwa, Ejan, ko ga inji."

Ga yadda ya fahimtar da ni, bayan ya sha fama da kaina. A cikin kan kwamfuta akwai wasu 'yan ma'ajiyoyi ƙanana, ba su da yawa, ana ce musu rajista. Duk aikin da ake yi a wannan ƙiftawar a cikinsu yake: lambar da ake tarawa, umarnin da zai biyo baya, wurin da aka ajiye sauran kaya. Ayyuka da yawa ne, rajistocin kuwa su ke nan. To akwai wata manhaja can ƙasa, uwar sauran, wai ita kenel, ita ke raba layi. Agogon injin na bugawa sai ta tsayar da mai aiki, ta kwashe duk abin da ke cikin rajistocin ta adana masa a gefe, ta ɗauko na wani ta mayar yadda ya bar su, ta ce ya ci gaba. Wanda aka tsayar bai ma san an tsayar da shi ba. Amma in aka manta rajista ɗaya, ko aka taɓa ta kafin a adana, zai dawo ya ci gaba da lissafi da lambar da ba tasa ba, kuma ba mai gaya masa.

Abin da ke cikin koren littafin ke nan: 'yar kenel tasa ta kansa, wadda za ta juya ayyuka biyu kacal. Ɗaya ya riƙa ƙirga ɗaya-ɗaya a hagun allo, ɗaya bakwai-bakwai a dama, ba wanda ya ɓata wa wani. Ba mai saye, ba mai ba shi takardar shaida. Na gaya masa haka ya fi a ƙirga. Ya kan ce in ya samu sarari zai ƙarasa, ni kuma in yi dariya, don a bodar Jibiya ta wancan lokacin ko na cin abinci da ƙyar ake samu.

Sararin ya zo ta inda ba mu so. A daminar 2019 aka rufe boda. Kafin kaka ciyawa ta fito inda tireloli ke tsayawa, awaki suka mayar da kwalta wurin kwanciya. Ni na koma gonarmu ta Gangara ina ƙunƙuni. Uwaisu kuwa ya jawo wata tsohuwar kwamfutarsa da ya jingine daga ƙarƙashin tebur, ya kakkaɓe ta, ya buɗe koren littafi ya shiga kwafe shi cikinta layi-layi. Shekara goma sha shida rabonsa da shi, amma ka ce jiya ya rufe.

Ranar da 'yar kenel ɗin ta fara tafiya har gona ya aiko a kira ni. Lambobi na hawa hagu da dama, injin na juya su sau goma sha takwas a daƙiƙa, wai. Muna cikin murna, ta dama ta yi tsalle daga ɗari biyu da wani abu ta faɗa wata lamba da ba uwa ba uba. Ya kashe ya kunna. Wani lokaci ta yi minti biyu lafiya, wani lokaci rabin awa, sannan ta ɓace. Wata rajista ce ke lalacewa a wurin juyi, ya san wannan. Wacce ce, kuma a ina, shi ne ya gagara. Wata da watanni yana nema.

Ana wata ga wata. Matarsa Salmatu ta tare ni a zaure ta ce, "Yaya Imrana, ka kai ɗan'uwanka asibiti. Jiya gefen kofi ya zuba shayi, ya ce hannunshi ne ya goce. Karo na ukku ke nan."

Da ƙyar na kai shi Katsina. Likita ya ce hawan jinin ido ne, ya daɗe yana ci, abin da ya tafi ba ya dawowa, sauran ma sai dai a rage masa gudu. A mota, muna hango Jibiya sai Uwaisu ya juyo wajena.

"Ni dai in ga kenel ɗin nan tana tahiya daidai, Ejan," ya ce. "Da idona. Shi ke nan."

Raina ya ɓaci ƙwarai. Mutum ga iyali, ga boda a rufe, ga ido na tafiya, amma damuwarsa ƙidayar bakwai-bakwai! Na faɗa masa maganganu, ya mayar mini, na yi mako uku ban leƙa shagon ba. Wannan mako ukun har yau yana ci mini rai.

Da na huce, na je wata safiya na tarar da shi zaune gaban injin, hannuwa bisa gwiwa. Bai yi mini ƙorafi ba.

"Zamna ka karanta mini," ya ce. "Littahin tukuna, sannan allo. Kada ka tsallake ko ɗigo."

Ban san ma'anar ko kalma ɗaya ba. Harafi-harafi na riƙa jan su kamar mai koyon baƙi. Na gama shafin juyi na littafin, yana gyaɗa kai. Na koma allo. Layi na huɗu, layi na biyar.

"Tsaya. Mi ka ce? Maimaita."

Na maimaita. Ya dafe kai da hannu biyu, ya yi salati, sannan ya fashe da dariya har da tari. A littafi, kenel na fara adana rajistocin duka, sannan ta ɗauki ɗaya mai suna AX ta yi nata aikin da ita. A allo kuwa layukan biyu sun yi musanya tun ranar da ya kwafa: sai ta zuba nata a AX tukuna, sannan ta adana. Mai ajiyar ce da kanta ke ɓata kayan kafin ta ajiye. Ya duba wurin ya fi sau ɗari, amma ya haddace littafin, idon kuma ya raunana, sai kansa ya riƙa karanta masa abin da ya sani. Sai da aka samo jahili irina.

Shi ya faɗa, ni na buga da yatsa ɗaya. Muka kunna. Minti biyu suka wuce, rabin awa ta wuce, aka kira azahar ba mu ankara ba sai da aka tada iƙama. Muka je muka dawo, tana nan tana hawa.

"Hagu nawa?"

"Dubu ɗaya da ɗari da ashirin da ukku."

"Dama?"

"Dubu bakwai da ɗari takwas da sittin da ɗaya."

Leɓɓansa suka motsa kaɗan. "Daidai," ya ce.

Sai ya jawo kujera, ya kai fuskarsa jikin allon har hancinsa ya kusa taɓa gilas. Ya karkata kai hagu, ya karkata dama, ya rufe ido ɗaya da tafin hannu. Ya daɗe a haka.

"Ka gan su?" na ce.

"Haske dai nike gani." Ya koma ya jingina. "Amma kai kana ganinsu ko?"

"Ina gani."

"To, karanto."

Na nemi tsiyar da zan yi masa na rasa. Na goge idona da hannun riga, don lambobin sun fara haɗe mini, na karanto masa ta gaba.