Dunduniyar Dane

Shekara talatin da huɗu Dane Vukelić ya yi yana gyaran gadojin katakon da baƙi ke bi a kan tafkunan Plitvice. Kafinta ne, amma ba da guduma yake fara aiki ba, da dunduniya yake farawa. Duk katakon da ya taka sai ya ɗan buga shi. In ya ce ƙwas, lafiya lau. In ya yi wani irin bif, to ruwa ya ci shi ta ciki, ko da samansa na sheƙi. Har a coci haka yake tafiya, abin da ya daɗe yana ba matarsa Manda kunya.

Da ya ajiye aiki sai ya zama abin tausayi da ban haushi a gidansu da ke garin Korenica. Ƙofar da lafiyarta ƙalau sai da ya gyara ta sau biyu. Kullum zancensa ɗaya: waɗanda ya bari a wurin ba su da kunne, kafin bazara wata gadar za ta lotsa, kuma har gida za su zo su lallashe shi. Ni da na san shi, na san ba mugun fata yake yi ba. Tsoro yake ji kada ya zamana wurin bai yi kewarsa ba.

Bazara ta shigo, ba wanda ya ko leƙo. Manda ta gaji da mita, ta je ta sa sunansu cikin masu yawon yini ɗaya a tafkunan da ake haɗa su da jagora.

"Yau kai ma baƙo ne, tsoho. Ajiye min gudumar nan."

"Ni za a nuna wa hanya? Hanyar da na shimfiɗa da hannuna?"

"Sai ka ga abin da ke gefenta mana, tunda duk rayuwarka ƙafarka kake kallo."

Jagorar kuwa Vesna ce, 'yar maƙwabcinsu. Tana hango shi ta dafe ƙirji.

"Baba Dane! Kai ne a layina? Don Allah kada ka gyara min magana a gaban mutane."

"Ke dai yi gaba, 'yar nan. Ba bakinki na zo saurara ba."

Gaskiya ya faɗa. Vesna na gaba tana bayani, baƙi na ta ɗaukar hoton kifaye a cikin koren ruwa, shi kuwa yana can baya yana buge-bugensa. Ƙwas. Ƙwas. Bai damu ba tukuna, don ya san inda ya sa rai: kwanar da ke ƙasan babbar magangarar ruwa, inda feshin ruwa ba ya barin katako ya bushe. Ita ce ta fi ba shi wahala a zamaninsa.

Da suka iso ya buga da hagu, ya buga da dama, har da ɗan tsalle. Wata baƙuwa ta zaci al'adar wurin ce, ita ma ta buga. Kafin ka ce me, mutum ashirin na ta dukan gada da dunduniya suna dariya.

"Baba, rawa ka zo koya musu?" in ji Vesna.

Shi dai kunne ya kasa. Duk cikin dunduniya arba'in ɗin nan ba katako ɗaya da ya yi bif. Ya durƙusa da ƙyar ya leƙa ƙarƙashi. Sababbi ne, an bar faɗin yatsa ɗaya tsakaninsu don ruwa ya tsiyaye, kamar yadda ya koyar, har ma an fi shi daidaita su.

Da azahar suka zauna a bakin tafkin Kozjak suna jiran jirgin ruwa. Manda ta kwance burodi da wani cuku mai ƙara a haƙori. Dane ya zuba wa ruwa ido, ya ƙi taɓa komai.

"To, nawa ka samu?" ta tambaye shi.

"Ko ɗaya."

"Ai sai ka yi murna."

"Ina yi mana." Murnar yake yi da gaske, kuma zuciyarsa na ciwo da gaske. "Yaran sun iya, Manda. Ba za su zo ba."

Ba ta ce masa za su zo ba. Ta gutsuri burodin ta sa masa a hannu, ta riƙe hannun har sai da ya kai baki.