Kalmar da ban rubuta ba

Na wuce arba'in lokacin da na zauna gaban kwamfuta. Aji uku na sakandare na tsaya, shekarar da ruwan dam ɗin Bakolori ya rufe gonarmu ta wajen Maradun. Daga nan sai dako, sai gadi, sai zama.

Ƙungiyar masu noman rani a Bakura ta ce tana neman wanda zai tsara mata rabon ruwan kanal a kwamfuta, kowace gona da ranarta. Na ce ni ne. Wata bakwai ina zarya Talata Mafara wajen wani tsohon ma'aikacin dam mai shagon buga takardu, shina koya mini yaren kwamfuta na C++. Malam nake ce masa.

Da farko na zuba bayanin gona cikin abin da ake kira struct, komai na tafiya. Sai na ji an ce ƙwararru wani mai kama da shi suke yi, wai shi class. Na canza, ban gwada ba, ban faɗa wa Malam ba.

Ranar kasuwa shugaban ƙungiya ya zo shagon da mutum biyu su ga aikin, Malam ya tafi ta'aziyya Janbako. Na danna. Jan rubutun kuskure. Na sake, na kashe na kunna, na tashi na zauna. Ko gona ɗaya ta ƙi fita.

"Alhaji, minti biyar."

"Bawan Allah, shinkafarmu ba ta san minti biyar ba."

Suka fita. Wani ɗan Gusau aka ba aikin.

Washegari Malam ya duba, ko zama bai yi ba.

"Wa ya ce ka taɓa? Wanga layin shi ne magini, shi ke ƙera maka kowace gona. A struct, in ka yi shiru, a buɗe yake. A class, in ba ka rubuta public a samansa ba, a kulle yake. Daga waje ba mai iya kiransa, ko kai."

"Ni da na rubuta shi, Malam?"

"Kai mi? Kwamfuta ta san ka ne?"

A garinmu rijiya ko hanyar da ta ratsa gona, in mai ita bai hana ba, ta kowa ce. Da wannan kan na zauna gaban na'ura.

Ya buga kalmar da yatsa ɗaya. Gonakin suka jeru, kowace da ranar ruwanta, daidai. Na ce ya buga mini a takarda. Na hau mota zuwa Bakura, na tarar ɗan Gusau ya riga ya manna tasa a ƙofar ofis. Tawa na cikin aljihun rigata har ta yage.