Ranar da na ajiye kunyar ɗan fari

Salamu alaikum 'yan uwa. Fiye da shekara sittin ina riƙe da wannan magana, yau zan sauke ta. Jikata Safiya ce ke rubutawa a shafinta, ni ina faɗa. Ta haifi namiji makon jiya, ana ta shawarar kaciya, shi ya taso da zancen.

Na haifi ubanta a Fagge, Turawa ba su tafi ba tukuna. Shi ne ɗana na fari. Mahaifiyata ta rasu, don haka ban je wankan gida ba, a hannun surukata Inna na yi jego.

Maigidana Malam Sani tela ne a Sabon Gari. Maƙwabcin shagonsa kafinta ne ɗan ƙabilar Ibo, matarsa Mama Ngozi ungozoma ce. Su a kwana na takwas suke yi wa yaro kaciya, mu kuwa sai ya kai shekara bakwai. Malam ya ga nasu suna warkewa da wuri, ya ce shi ma haka zai yi. Inna ta ce ita ba ta taɓa ji ba. Suka yi ta ja a gabana, ba wanda ya tambaye ni.

Ko an tambaye ni ma ba zan tanka ba. A zamaninmu mace ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta sa baki a zancensa, ko kuka yake yi sai ta kau da kai. Wadda ta yi, an dinga yi da ita ke nan a unguwa.

Amma akwai abin da na sani. Ƙanena Garba ya rasu kwana biyu bayan kaciyarsa, jini ya ƙi tsayawa. Wan mahaifiyata ma haka ya tafi. A gidanmu cewa aka yi baki ne ya kama su.

Na ji tsoro ƙwarai, na kuma yi shiru.

Ranar suna wanzami ya zo aski, askar ta ɗan shafi bayan kunnen yaron. Yankan bai kai girman farcensa ba. Aka danna tsumma, aka barbaɗa garin magani. La'asar ta yi jini yana ɗiga. Wayewar gari zanen goyo ya jiƙe, leɓensa ya yi fari, nono ma ya daina kamawa.

A safiyar ce Mama Ngozi ta iso da 'yar jakarta za ta yi kaciyar, domin Malam ya riga ya yi galaba a kan Inna. Ta ɗaga tsumman, ta daɗe tana kallo.

"Malam, a danginku akwai mai jini haka?"

Ya ce babu. Inna ma ta ce babu. Sai ta juyo gare ni.

"Ke fa, uwar yaro?"

Inna ta ce, "Ayya, ɗan fari ne, ba za ta yi magana ba."

Mama Ngozi ta ce, "Mama, ni ba kunya na zo nema ba. Amsa nake so."

Kaina a ƙasa na ba da labarin Garba da na kawuna. Ta rufe jakarta ta ce, "Yau ba kaciya. Asibiti."

Inna ta miƙo hannu za ta ɗauki yaron, na riga ta. Ni na rungume shi muka ratsa Fagge, mata suna leƙowa daga zaure.

A asibiti suka ɗebi jininsa a 'yar kwalba, likita yana duba agogo. Jinin ya ƙi daskarewa. Ya ce a faɗa mini ciwo ne da ake gado ta wajen uwa, kuma maza yake kamawa. Ya ce da an yi wa yaron kaciya a ranar, da wuya ya kwana.

Aka ɗebi jinin Malam aka ƙara wa yaron. Kwana goma sha biyu muka yi, kullum a duba ciwon, a sake ɗauri. A rana ta uku ya kama nono har sai da na ji zafi. Na yi kuka a gaban Inna, ta yi kamar ba ta gani ba.

Kaciyar sai da ya shekara goma sha biyu aka yi, a asibiti, an tanadi jini a gefe. Ya sha jinya a rayuwarsa, amma ga shi da furfura, yana zaune yana jinmu.

Na gode wa Allah. Na gode wa Mama Ngozi, wadda ban sake jin labarinta ba tun da suka bar Kano. Allah Ya jiƙan Malam da Inna.

Shawarata: kafin aska ta taɓa jariri, ku tambayi uwar, ku kuma bar ta ta amsa. In akwai wanda jini ya taɓa ƙi tsaya masa a danginta, ku gaya wa likita. Ɗan Safiya gobe za a gwada jininsa, kaciya ta jira.

Safiya ta ce na gama labari ban ambaci sunan ubanta ba, wai har yanzu kunyar ce. To rubuta. Sunansa Ibrahim, ɗana ne.